Mabuɗin Tanki a Wuyan Ƙanwata

Shekarar da aka haƙa rijiyar burtsatse a ɓangarenmu na Dar Salam, can gefen Khartoum, ina goyon ɗana na uku. Kafin nan ruwan karo muke sha, wanda jaki ke jawowa a ganga, wani lokaci har da warin mai. Da aka ɗora tanki a kan ƙarafa, aka ja masura biyu, wato bututun ruwa, zuwa cikin unguwa, ma'aikatan ruwa suka ce a ba su mace ɗaya su koya mata duba ruwan. Ban yi shakkar ni ce ba. Ni na yi makaranta a Jazira kafin mu taso, ni nake karanta wa mata takardar asibiti. Sai dattawan lajna, kwamitin unguwa, suka zaɓi ƙanwata, wai ita ba ta da goyo.

Kwana goma tana shiga mota zuwa Khartoum. Ta dawo da ƙaramin akwati mai kwalabe, da mabuɗin tanki a igiya rataye a wuya. Kullum da safe ta ɗebi ruwa, ta jefa ƙwaya, ta ɗaga kwalbar ta duba launi. Mata suka fara ce mata daktora. Mahaifiyarmu ma, wadda ni nake yi wa wanki, in ta yi baƙi sai ta ce, "Ƙaramar ce ke shayar da unguwar nan." Ni kuwa ina zuba musu jabana, gahawarmu. Har farin tob ɗin da take yafawa nakan bi da ido ina neman tabo.

Ta bi gida-gida tana cewa duk mai haƙa ramin bayan-gida ya kira ta, ta nuna masa inda masura ta bi. Da namu ya cika, maigidana ya ce a aika mata. Na ce, "A gidana ma sai na nemi izininta?" Ya haƙa a bayan katanga.

Tsakiyar damina, wata safiya, ta rufe masurar layinmu. Ta ce ruwan bai ba da launi ba, alamar ya gurɓace, ga yara biyu a layin suna gudawa. Dole muka koma ɗiba a ɗaya layin, ga nisa, ga laka. Mata suka taru a ƙofata suna zaginta. Wata ta ce, "An ba yarinya mabuɗi, ta ɗauka kogin Nilu ma nata ne." Ban kare ta ba. Cewa na yi, "Ni dai ba a tambaye ni ba ranar zaɓe." Daɗi na ji sosai, na ci tuwona da kyau a ranar.

Kwana uku da rufewa ta shigo gidana bayan azahar, ƙafafunta duk caɓi. Ta ƙi zama a kan gado, ta tsuguna a bakin ƙofa.

"Yaya, masu gyara sun gano wurin. Masura ta tsage a bayan katangarki, daidai sabon raminku."

"Wa kika gaya wa?"

"Lajna za ta ji gobe, wannan dole ne. Na so ki fara ji daga bakina."

Babu faɗa a muryarta, shi ya fi ƙona ni. Da ta ɗaga min murya, da na sami abin riƙewa.

Ni da maigidana muka cike ramin da hannunmu. Yaran biyu sun warke, amma uwar ɗayansu ta yi watanni ba ta amsa gaisuwata. Matan da suka zagi ƙanwata a ƙofata su suka fara kai mata dabino.

Ranar Juma'a aka buɗe masurar. Na jira layi ya watse sannan na fita. Tana tsaye a bakin famfo. Ta miƙa hannu ta kama jarkata za ta tara min.

Na ce, "Bari, zan iya."

Ta saki. Na tara, na ɗora a ka, na koma gida.