Ranar da Inna Ta Hana Ni Ɗaukar Gauraka

Shekarun baya can, tun wayar hannu ba ta fara ɗaukar hoto ba, ina da ɗan shagon hoto a Konni, kusa da tasha. Aikina bai wuce hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakwal, wato ɗalibai, ba, sai biki da suna. Mutum ya zauna gaban labule, in ce ya ɗaga haɓa, in danna. Amma ni a raina tsuntsaye nake son ɗauka, ga shi gilashin kyamarata ba ya kai nesa. Duk tsuntsun da na ɗauka sai ya fito kamar ƙuda a jikin bango.

Ina da wani abokina direban motar siminti a Malbaza, yakan sauka har Kwatano. Wata rana ya shigo shago ya dire mini wani abu naɗe cikin tsumma, ya ce, "Ga shi nan, na tsinto maka wurin 'yan gwanjo. Mai shi ya rantse da wanga abu kana Konni kana hango masu tsire a Sakkwato."

Gilashin kyamara ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Gajere, mai kauri kamar babban gwangwanin madara, da wani baƙin faifai a tsakiyar fuskarsa. Madubai ne a cikinsa, su ke jawo abin da ke nesa. Na ɗaura shi a kyamara na fita ƙofar shago, na saita wani ƙadangare da ke kan katangar tsallaken titi. Sai ga kansa ya cika mini ido, yana gyaɗawa kamar muna gaisawa. Na yi ihu har masu kabu-kabu suka waiwayo.

A ranar kuma na fara gane halinsa. Ba ya son inuwa, sai rana ta take. Da hannu ake murza shi har abu ya fito sarai. Kuma ko numfashi ka ja, duniyar da ke cikinsa sai ta kama rawa.

Da yamma na kai shi gida ina ta cika baki. Mahaifiyata tana kan tabarma tana shafa man zafi a gwiwa, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Auta, in dai gaskiya shina ganin nesa, ka ɗauko mini gauraka." A wani ƙauye gaba da Illela aka haife ta, a bakin tabki, kuma ta ce tun da aure ya kawo ta gari ba ta sake sa gauraka a ido ba. 'Yan uwa ne ke zuwa gaishe ta, don ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta tafiya. Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama.

Bayan an yanke gero, ruwa bai janye ba tukuna, muka hau babur ni da abokina muka nufi tabkin. Balbelu birjik, ga kirinjijiya, ga zalɓe tsaye kamar mai jiran mota. Can nesa muka hango gauraki biyu. Muka tuɓe takalma muka shiga taɓo muna sanɗa. Ba ni da abin dogara kyamara, sai na ɗora ta a kafaɗar abokina.

"Kada ka motsa," na ce.

"Ban motsa ba."

"Kana numfashi."

"To mi kake so, in mutu don tsuntsu?"

Haka muka yi ta fama har fim ya ƙare. Muka fito wanduna sharkaf, matsattsaku biyu maƙale a ƙwaurinsa, ya yi ta tsalle yana kiran sunan Allah. Wasu mata masu wanki suka yi mana dariya har da riƙe ciki.

A Sakkwato ake wanke mini fim mai launi. Da hotunan suka dawo, mai wankin ya haɗo da saƙon baki cewa in yi haƙuri, ba laifin injinsa ba ne. Duk inda rana ta haska ruwa sai ya fito zobe-zobe, kamar an watsa awarwaro a kan tabkin. Daga baya na gane baƙin faifan nan ne ke jawo haka. Sauran kuwa sama ce, da ciyawa, da wani abu mai kama da hayaƙi. Guda ɗaya ne gauraka ya fito a ciki, shi ma babu kai.

Na miƙa wa Inna cikin sanyin jiki. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta ce, "Wanga ai zabo ne da dogayen ƙafafu. Ina tukkun?" Matata ta shige ɗaki da gudu don kada in ga dariyarta.

Amma Inna ba ta ajiye hoton ba. Gilashin ya jawo wani jan tudu da ke bayan tabkin, ya kawo shi dab da tsuntsun. Ta ɗora yatsa a kan tudun. Can ta ce, "Nan muke zuwa itace." Sannan ta ɗago. "Ku kai ni."

Na kawo maganar ƙafarta da ramukan hanya, ta ce ai ba a kanta za ta ɗauki motar ba. Abokina ya aro wata tsohuwar fijo mai buɗaɗɗen baya, muka jera mata matasai a gaba, ni na hau baya. Wannan karon na yi dabara, na ɗuro gero a ɗan buhu don in ɗora kyamara a kai.

Da hantsi muka isa. Ashe tsuntsu bai damu da mota ba kamar yadda ya damu da mutum. Abokina ya gangara a hankali ya kashe inji, sai ga gauraki har huɗu, kusa fiye da wancan karon, rana ta bugi tukkunsu yana walƙiya kamar zinariya. Na sauko a ɓoye ta bayan mota, na ɗora buhun a tagar da Inna take, na kafa kyamara, na murza har komai ya fito tas. Ko motsi babu. Hoton da nake mafarki ke nan. Sai na ce, "Inna, leƙa ki gani kafin in ɗauka." Na kauce mata ta sa ido.

Tana sa ido, ɗaya daga cikinsu ya buɗe fukafukai ya daka tsalle.

"La ilaha illallahu! Rawa za su yi!"

"Inna, ba ni."

"Dakata."

"Inna, don Allah, ko maɓallin nan ki danna."

Ta ture mini hannu ba tare da ta ɗago ba. "Ga namijin ya rusuna wa macen. Ta ƙi kula shi, ja'ira! A'a, ta taso. Ya ɗauki kara ya wurga sama. Kai, kai, kai!" Kafaɗunta suna motsi tare da su, kallabinta ya zame ba ta sani ba. Abokina ya kifa kai a sitiyari yana dariya marar sauti, hawaye na zuba. Ni kuwa ina tsugune a gefen taya, ina hango wasu 'yan ɗigo suna tsalle, ina jin labarin rawar daga bakinta kamar mai sauraron ƙwallo a rediyo.

Da suka gama suka tashi da kukansu mai kama da kakaki, suka bi ta kan tudun. Inna ta ɗago, ido ɗaya ya yi ja, ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Haka muke kwaikwayonsu muna 'yan mata. Ni na fi kowa tsalle." Ta miƙo mini kyamarar. "Ungo abinka. Shina da kyau."

Ban ɗauki ko ɗaya ba. Muka ƙarasa cikin ƙauyen, ƙanwarta ta fito tana guɗa, aka dama fura, aka yanka kaza. Har la'asar Inna tana ba da labarin gauraki da hannuwa a buɗe.

Daga baya na saba da gilashin, na ɗauki tsuntsaye masu kyau, har wasu ma'aikata suka saya suka rataya a buro, wato ofis. Rawar gauraka dai ban sake dacewa da ita ba. Na daɗe ina jin haushin ranar, amma yanzu da Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, na gane ban yi asarar komai ba. Da na karɓe kyamarar, da idona na kan tsuntsu. Da yake ta hana ni, sai na kalli mahaifiyata, na ga yarinyar da ban taɓa sani ba tana rawa a kujerar mota.