Ƙwallon Kaba na Lalla

Shekara arba'in Lalla tana saƙar kaba a Ibohamane. Tun tana budurwa, lokacin da mata ke jera duwatsu a kan tudu don tare ruwan sama, da safe ta ɗauki dutse, da la'asar ta zauna saƙa. Da tabarma da kwando ta kai ɗiyarta Fiddausiya har jami'ar Yamai. Ni maƙwabciyarta ce, na kuma san abin da ke cin ranta: ba ta iya faɗin abin da yarinyar ke karantawa. Ɗan maƙwabcinmu Mati likita ne, kowa ya gane wannan. Ita kuwa in an tambaye ta a gidan suna sai ta ce "shimi", wato ilimin sinadarai da Faransanci, mata su kwashe da dariya, ta dawo gida rai a ɓace.

Bana Fiddausiya ta zo hutu, saura wata ɗaya ta kare aikinta a gaban malamai. Ta nuna wa uwar hoto a salula, wani ƙwallo mai idanu kamar raga, rassa sun fito daga jikinsa. Ta ce sunansa fularen, kuma ido ba ya ganinsa don ƙanƙanta. Rassan ne ke kama hasken rana, kowane reshe ya miƙa ƙarfin ga na gaba, har ya isa ƙwallon da ke tsakiya. Masana na fatan samun wutar sola da irinsa.

Lalla ta ce ita ba ta gane abu sai ta riƙe shi a hannu. Nan take ta jiƙa kaba. Kwana biyu tana saƙa, abin ya ƙi dunƙulewa, sai bajewa yake kamar tabarma. Ashe duk idon da ta gani mai kusurwa biyar a hoton, ta ɗauka ragwancin mai zane ne, ta mayar da shi shida kamar sauran. Fiddausiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce guda goma sha biyu ne, kuma su ke lanƙwasa shi.

"Ashe gindin kwando ne," in ji Lalla. Wannan ai sana'arta ce, ka rage zare ɗaya saƙa ta lanƙwashe. Kafin la'asar ƙwallo ya rufe. Ta ɗaura masa rassa, ta bi reshe ɗaya da yatsa har tsakiya.

"Hannu da hannu ke nan, awa yadda munka miƙa duwatsu bisa tudu. Ta ƙarshe ita ka aje shi."

Idon Fiddausiya ya ciko. "Inna, haka zan hwaɗa musu."

Da ƙwallon ta koma Yamai, ta kuma ci jarrabawar. Lalla ta saƙa wani nata, da shi take zuwa gidan suna yanzu. Jiya matar Mati ta yi kuskuren tambaya, har tuwo ya huce Lalla ba ta sake ta ba. Ni kam daɗi ya kashe ni.