Wilf Mai Riƙe Ƙofa

A garinmu na bakin teku a Cumbria mutane kashi biyu ne: masu rataye da katin shiga ma'ajiyar sharar nukiliya a wuya, da waɗanda ba a damu a gaishe su ba. Wilf Mossop ya tsufa a kashin farko, yana duba famfunan tafkin da ake sanyaya sharar. Mutum ne da ko kare ya taka sai ya ba shi haƙuri. Uwarsa ce ta cuce shi, ita ta koya masa cewa namijin da ya saki ƙofa a fuskar mace ba ɗan mutunci ba ne. Shi ke tsaron ƙofar coci duk Lahadi.

Dokar wurin aiki kuwa ba ta san mutunci ba: goga katinka, shiga, bar ƙofa ta rufe, ko da wadda ta haife ka ce a baya.

Wata safiya ana ruwa, ritaya ta kusa, ya goga kati sai ga wata mata a bayansa, ƙafa a ɗaure, tana dogara sanda, ga kwalin kek a hannu. Wilf ya riƙe ƙofa. Har da ɗan rusunawa.

"Sannu, baiwar Allah. Kawo in ɗaukar miki."

Shi da kansa ya kai kwalin har ɗakin kwamfutocin tafki. Can ta jingine sanda, ta miƙe garau, ta nuna shaidar hukumar gwamnati mai sa ido. Gwaji aka turo ta yi. A cikin kwalin akwai 'yar na'urar da ake sokawa a kwamfuta a kwashe komai. Kek ɗin ma na roba ne.

Kafin abincin rana an karɓe katinsa. Da yamma ya shigo mashaya, wuya fayau. Na ruga na buɗe masa ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a shigo! Ina rabonmu na kek?"

Dougie Fearon, direban babbar mota, ya sa tsintsiya a hammata yana ɗingishi. "Wayyo ƙafata, Wilf! Goya ni ka kai ni tafki!"

"Ƙafarta fa a ɗaure take," in ji Wilf, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai kuma kanka a kwance," na ce.

Wilf ya ɗaukaka ƙara don a mayar masa da katin. Aka tambaye shi ko ya ga kati a wuyan matar. Ya ce bai duba ba, ai rashin kunya ne a zura wa ƙirjin mace ido. A nan aka rufe zancen.

Yanzu kekunan sayayya yake tarawa a babban kanti, inda ƙofofi ke buɗe kansu. Mun ce an samo masa wurin da ba zai yi ɓarna ba.

Bana 'yarsa Hazel ta sami nata katin. Ranar farko ana nuna wa sababbi bidiyon abin da ba a yi. An dusashe fuskar mutumin, amma wa bai san wannan sanƙon da rusunawar ba? Ɗaki ya ɓarke da dariya. An ce ita ta fi kowa, don shugabanta na kallonta.

Shekaranjiya na ga Wilf da Hazel za su shiga gida, ita a gaba, shi a baya da ledoji hannu bibbiyu, ruwa na dukansa. Ta shige, ta saki ƙofa, ƙofa ta kulle. Ya ajiye kaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana lalubar mabuɗi.

"Yaya dai, Wilf, ba kati?" na ce.

"Yarinyar ta iya aiki," ya ce, bai ɗago ba.