Katafilarmu a Kan Tayil

A shekarar da tsadar abinci ta sa tuwon gidanmu ya koma kamar ƙwan zabo, malaminmu na kimiyya ya shigo aji da labarin gasar ƙera mutum-mutumi a Bici. Za a ga na'urar da za ta tura ƙaramin kwali daga wannan layi zuwa wancan. Shugaban makaranta kuwa ya daɗe yana harin ɗakin da muke ƙere-ƙere, yana so ya zuba buhunan geronsa.

"In abin naku ya kai layi, ɗaki naku ne," in ji shi. "In ya kasa, gero ya shiga."

Wani makanike ya ba mu injinan ɗaga gilashin mota guda biyu. Saura ƙafafu. Abokina, dogo kamar karan dawa, ya ce a sa tayoyi. Ni na ce a sa sarƙar keke, ta riƙa tafiya kamar katafila.

"Kai, ɗan gajere, yaƙi za mu je?"

"Tayarka ko kashin akuya ta gani sai ta tsaya gaisuwa!"

Malam ya ce mu daina cika masa kunne, a gwada duka biyun. A ina za a gwada? A garinmu duk abin da bai iya tsallake kunyar gona ba, ba abin hawa ba ne. Saboda haka muka nufi gonar bayan makaranta. Mai taya ta kafe a kunyar farko tana watsa ƙasa kamar kaza. Tawa ta hau, ta gangara, ta sake hawa. Ranar ko kakata sai da ta ji bayani har ta yi gyangyaɗi. Haka sarƙa ta yi nasara, babu wanda ya tuna ya tambayi irin filin gasar.

Da muka isa zauren taron a Bici, sai ga tayil shimfiɗe, an goge shi har ina ganin cikin hancina. Aka kira mu, na danna maɓalli. Sarƙa ta hau juyi, ƙara ta cika zaure kamar ana wasa adda, amma katafila ko taƙi ba ta matsa ba. Can ta juya baya ga kwalin, ta dubi alƙalai. Wani ɗan birni ya ɗaga murya: "Malam, ku kai ta gona mana!" Da ya san daga can ta fito.

Saura gwaji ɗaya. Dogo bai yi mini gori ba, abin da ya fi gori zafi. Ƙafata kawai ya kalla.

"Cire silifas."

"Sabo ne fa! Inna za ta yanka ni."

"Ko silifas ko gero."

Malam ya miƙo reza yana kallon sama, wai bai ga komai ba. Muka yayyanka silifas ƙanana-ƙanana, muka ɗaɗɗaure su a jikin sarƙa da waya. Na sake dannawa. Katafila ta yi tari, ta ɗingisa, ta kama tafiya irin ta tsohon da ya dawo daga ɗaurin aure. Ina jin a tsakanin layin nan biyu gemu ya fara tsiro mini. Amma ta tura kwalin har ya haye, zaure ya ɗauki tafi da dariya.

Na koma gida ba takalmi. Washegari muka tarar shugaba ya riga ya jibge buhunansa a ɗakin, don tun fitarmu ya yanke ƙauna. Ya dubi Malam, ya sosa ƙeya.

"To, alkawari ne. Amma fitar da su aiki ne, ku ɗan zauna tare."

Har kaka ta zagayo a kan buhunan gero muke zama muna haɗa wayoyi.