Jan zaren kawuna

Shekarun baya, lokacin da Shari'a ta shigo Zamfara, akwai ƙananan bankuna biyu a Shinkafi suna kallon juna a kan titi ɗaya. Na farko ya cire kuɗin ruwa, na biyu ya cire ya ƙara da kyautar atamfa. Na farko ya kawo rediyo, na biyu ya fara ba da rance ba jingina. Mahaifiyata ta bi atamfa, ta zuba kuɗin man gyaɗar da take tara mini na shiga jami'a.

Da takardata ta fito, na je cirewa ranar Litinin. Fanka na juyawa, ma'aikata na zaune, amma ba ƙarar ƙirga ko ɗaya. Mai biyan kuɗi ya yi murmushi, ya ce in dawo Alhamis, ranar kasuwa. Ni da ko ɗanɗano ba na iya roƙa a shago, sai na yi godiya na fita.

Alhamis da hantsi na tarar da kawuna, dillalin shanu daga Jangeru, a gabana a layi. Shi ba ya amfani da roba, da jan zaren saƙa yake ɗaure kuɗinsa, ƙulli biyu. Ya zuba, ya tafi. Da aka zo kaina, mai biyan kuɗi ya shiga ɗakin ajiya, ya daɗe, ya fito hannu wofi. Sai ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini dami. Jan zare, ƙulli biyu, har warin kara, kasuwar shanu, bai bar shi ba. Muka haɗa ido, murmushin bai motsa ba.

Na bi kawu har kara, ina in-ina, na ce ina jin ba komai a ɗakin ajiyar bankin nan. Ya yi dariya.

"Kai ɗan boko, mi ka sani? Shugaban wanga banki a sahun gaba yaka salla."

Ashe shugaban ne da surukansa ke zama su amince wa junansu da rance, ba mai tambaya.

Bayan girbi aka wayi gari ƙofar bankin a buɗe. Fanka na juyawa, kujeru a jere, kofin shayi a kan tebur da ɗuminsa, ba kowa. Mutane suka cika ɗakin, kowa na jiran wani ya fito daga ciki. Kawu ya zauna a benci har la'asar. Ba a yi wata ba na tsallaken titi ma ya rufe.

Na gama karatu, kawu ya koma fawa a Kaura, bai taɓa tayar mini da zancen ba. Har yau idan na shiga banki ba ginin nake kallo ba. Kunne nake kasawa, in na ji shiru ya yi yawa, sai in tambayi wa ke sa hannu a rancen shugaba.