Cikin da Ya Kwanta

Ni tun ina budurwa jinina ba ya bin wata. Sai ya zo da kaka, ya ɓace sai bazara. Da aka kai ni gidan miji a Kore Mairuwa, sai ya ɗauke gaba ɗaya, jiki kuma ya shiga buɗewa. Zanen da nake naɗawa har ya yi saura, ya koma da ƙyar bakinsa ke haɗuwa.

Uwar mijina ta dube ni wata safiya ina daka, ta fizge taɓaryar. "Aje, ɗiyata. Mai ciki ba ta daka a gidana."

Zamanin Nasara ne, an kwashi maigidana da samarin gari zuwa aikin hanya na tilas, shi kaɗai ne ɗan da uwar mijina ke da shi kuma. Duk begenta sai ya dawo kan cikina. Ta hana ni rijiya, ta hana ni gona. Hura da nono safe da rana, tuwo kuwa sai man shanu ya kwanta a kai. Ina zaune ina ƙara cika, har gashi ya tsiro mini a haɓa, baƙi, mai tauri. Ta ce alamar namiji ce.

Kowace safiya sai ta ɗora tafinta a marata. "Ya motsa?"

"Ban ji ba, Inna."

"Za shi motsa."

Da lokaci ya yi a lissafinta, aka kai ni gidanmu a Dogon Dutsi goyon ciki. Aka tara itacen wankan jego, aka ɗaure rago. Aka girbe gero, babu naƙuda. Aka rore wake, shiru. Tsofaffi suka ce cikin kwanciya ya yi, ana yin haka, yaro ya yi barci shekara da shekaru. Mai bori ta ce aljana doguwa ce ta zauna a kansa, aka ba ta jar akuya. Na sha saiwoyi har harshena ya yi baƙi.

Ni kuwa tsoro nake ji. In da ɗa, ina da ɗaki. In babu, me aka yi ke nan? Juya mai gemu, wadda ta cinye nonon gida a banza.

Ƙanwar babana, wadda ita ma ƙiba da gemun gare ta, ba ta kuma taɓa haihuwa ba, ita ta ja ni gefe. "Tashi mu tai likita."

"Gwaggo, an ce farke mutum suke yi."

"Su farke mi? Ke ko buhu ce? Ni nawa cikin shekara nawa yana kwance, har yau bai tashi ba. Ba ni son ki tsufa kina jira."

Ungozomar likita baƙar mace ce irinmu, da farar riga. Ta kwantar da ni, ta danna nan, ta danna can, ta kafa wani ɗan ƙaho a cikina ta kasa kunne. Ta daɗe. Ina kallon rufin kwano.

"Babu kowa ciki," ta ce. "Kitse ne."

Na ce a yi mini allura. Ta ce ba su da allurar wannan. Ta ce ta sha ganin mata irina, jini ba ya zuwa, ga ƙiba, ga gashi. In rage hura da mai, in koma aiki, wasu in jiki ya sauka jinin yakan dawo. Wasu, ta ce. Ba ta yi mini alkawari ba.

Gwaggo ta ce in zauna gidanmu a aika wa uwar mijina da bayani. Na ƙi. Maganata ce, ni zan je in faɗe ta da bakina.

Da na shiga gidan, idon uwar mijina bayana ya fara zuwa. Ba goyo. Na gaishe ta, na aje kaya, na nufi turmi na ɗauki taɓarya.

"Ke! Kashe min jika za ki yi?"

"Inna, babu kowa. Ba a taɓa yin kowa ba."

Matan gida suka tsaya cak. Ta dubi cikina, ta dubi haɓata. Kalma ɗaya za ta faɗa in koma Dogon Dutsi da ƙwaryata, ɗanta ma ba ya nan balle ya tare. Ban sunkuyar da kai ba.

Ta zauna a bakin rumbu, ta rufe fuska da gefen zane. Can ta miƙa ƙafa ta turo mini ƙwaryar gero.

"To, surfa shi da kyau. Kin manta aiki, na sani."

Na surfa. Na ja ruwa, na yi noma, na bar hurar rana. Jiki ya sauka kaɗan, ba duka ba. Jinin ya riƙa leƙowa in ya ga dama. Sai bayan maigida ya dawo da shekaru na haifi ɗiya guda, ita kaɗai, a hannun uwar mijin nan tawa ta faɗo. Wannan karon har na kusa haihuwa ina daka, ba ta ce in aje ba.

Gemun kuwa yana nan. Na daina tuge shi tuntuni.