Yaya Cikin Kwat ɗin Sakatare

Yayata mai shara ce a wani ƙaramin asibiti, amma a cocinmu ba mai kiranta da haka. Maman Wasa suke ce mata, don ita ke shirya wasan kwaikwayon da ake yi kafin wa'azi duk ranar da Fasto ya ba da fili. Tun muna yara haka take. Babanmu zai miƙe ya fita, kafin ya kai ƙofar gida ta ɗauke tafiyarsa da gyaran muryarsa tsaf, innarmu ta kai mata duka tana dariya. Da ta samu aikin asibiti sai abin ya ci gaba. Tana goge daɓe tana kallon ƙafafun mutane, yadda mai jinya ke jan silifa, yadda likita ke tsallake ruwa ko kallon mai gugar bai yi ba. In ta dawo gida sai ta yi mana su ɗaya bayan ɗaya, mu yi ta birgima.

A wurinta hidima ce take yi wa Allah. Takan ce ita ba ta iya wa'azi ba, muryarta kuma ko a layin baya mawaƙa ba sa so, amma Ubangiji ya ba ta ido da kunne, shi ma kuwa da misalai ya koyar da mutane. Ba a fara gwajin wasa sai kowa ya durƙusa an yi addu'a. Ni ce mai ɗinka musu kaya, da tsofaffin labule da guntayen yadin da suka rage a shagona.

Addu'arta guda ce tun tana amarya: mijinta ya zo ya zauna kusa da ita a coci. Mai walda ne, mutum mai shiru, wanda ko ni da nake ƙanwar matarsa sai na yi da gaske kafin in tsokano dariyarsa. Giya ce ta riƙe shi. Ba ya duka, ba ya zagi, in ya sha sai dai ya zauna bakin shagonsa ya zuba wa ƙasa ido, amma kunyar abin ta hana shi shiga cikin mutane. Wata rana ya dafa ƙarfe mai zafi bai ji ba, sai da 'yarsa ta ƙwalla ihu. Daga ranar ya bari, shi kaɗai, ba wanda ya sa shi. Na ga hannunsa na rawa har ya kasa riƙe kofin ruwa, bai koma ba. Da ya yi watanni a haka, wata Asabar ya ce da Yaya ta goge masa farar rigarsa, gobe zai raka ta.

A cocinmu in kana da damuwar da ba ka son a sani, sai ka raɗa wa Sakatare kafin a fara sujada. Lokacin sanarwa ya ce akwai buƙata ta ɓoye, jama'a su yi addu'a ba tare da sun san ta wa ce ba. Murna ce ta kwashi Yaya da safen nan. Ta ja Sakatare gefe ta ce a sa su a buƙata ta ɓoye, baban yara ya daina sha, yau ya zo, Allah ya riƙe shi.

To, Sakataren nan! Tsohon ma'aikacin ofis ne mai kwat ruwan ƙasa da ba ya cirewa ko ana zuba zafi, tabarau a kan tsinin hanci. In ya kama makirfo sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya hura, ya ce, "Ana ji na a baya?" alhali har masu wucewa a titi suna ji. Sanarwarsa ta fi wa'azin Fasto tsawo. Ranar kuwa, bayan ya gama da taron mawaƙa da sharar harabar coci, sai ya cire tabarau ya yi murmushi.

"Akwai buƙata ta ɓoye," in ji shi. "Ba zan faɗi suna ba. Amma ɗan'uwanmu ne da Shaiɗan ya daɗe yana ɗaure da shi a kwalba, mai sana'ar walda, kuma yau ga shi a tsakaninmu. Ku ce Halleluya!"

Mai walda nawa gare mu a unguwar? Coci duka ta juyo. Har wata tsohuwa sai da ta miƙe tsaye don ta gani da kyau. Ina bayansu, ina kallon ƙeyar mijin Yaya, gumi ya jiƙa wuyan farar rigar nan. Ya tashi a hankali, ya ba mutanen layinsa haƙuri suka janye gwiwoyi, ya fita.

Da aka tashi Yaya ta tare Sakatare a bakin ofis. Mutumin nan ko gezau. "Na faɗi suna, 'yar'uwa? Ai shaida ce na ba ku. Kamata ya yi ki gode mini." Fasto kuma ya ce a yi haƙuri, a yafe, Sakatare bai yi da mugun nufi ba. Haƙuri! Ni da a ce an bar ni da shi a ranar, da ya haɗiye tabaran nan.

Mijin bai koma shan giya ba, wannan kam na shaida. Amma ko hanyar coci ya daina bi. Na same shi a shago na ce, "Haba mijinmu, saboda bakin tsoho ɗaya za ka bar gidan Ubanka?" Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni. "Ƙanwata, ni da Allah lafiya lau muke. Mutanensa ne ba zan iya ba."

Yaya ba ta ƙara ta da maganar ba. Sai dai ta bar wurin zamanta ta koma layin gaba, daidai inda Sakatare ke tsayawa. Mata suka ce Maman Wasa ta sami sabuwar himma. Ni na san idon nan. Kowace Lahadi tana ɗaukar abu guda ta kai gida: yadda yake lasar yatsa, yadda kafaɗarsa ta hagu ta faɗa, yadda yake jan "'yan'uwaaa" kamar ana ja masa gashi. Rannan ta shigo shagona ta ajiye wani tsohon bargo ruwan ƙasa a kan keken ɗinki.

"Ɗinka mini kwat," ta ce. "Ki sauke kafaɗar hagu."

Ban taɓa yin ɗinki da daɗin rai irin na ranar ba. Ina taka keke ina waƙa. Duk da haka na tambaye ta, "Yaya, wanne kike so? Baban yara ya dawo, ko Sakatare ya sha kunya?"

"Duka biyun. A gaban jama'a aka tozarta shi, a gaban jama'a zan rama masa. In ya gani da idonsa zai zauna."

Ta gaya wa Fasto wasan a kan harshe ne da ɓarnar da yake yi. Ya ce madalla, abin da ikilisiya ke buƙata ke nan. Ita da kanta za ta fito a matsayin mai sanarwa. Saura wanda zai fito a matsayin mutumin da aka tona wa asiri. A ƙungiyarta akwai wani mai aski da tun da aka fara wasa a cocin shi ke fitowa a mashayi, har sunansa ya ɓace, kowa Tangaɗi yake ce masa. Yaya ta zaunar da shi ta ja masa kunne. Babu tangaɗi, babu kwalba, babu shaƙuwa. Zai shigo tsaf cikin farar riga ya zauna, in ya ji sanarwar ya tashi ya fita kansa a sama. A wurin gwaji haka ya yi, har wasu mata suna share hawaye da bakin zani.

Shawo kan mijin ne ya ba ta wuya. Ta roƙa, ta yi fushi, ta daina yi masa magana, ta sake roƙa. Daga ƙarshe ya ce zai zo ya tsaya a bakin ƙofa, ba zai zauna ba. Yaya ta ce ya isa, da kansa zai nemi benci.

Ranar wasan coci ta cika. Na zauna inda zan iya ganin gaba da baya. Ga mijin Yaya can jikin ƙofa, hannuwa a harɗe. Ga Sakatare a kujerarsa kusa da dattawa, yana ta gyara kwat. Sai Yaya ta fito daga bayan labule, kafaɗa ɗaya a faɗe, gashin baki na gawayi, tabaran wata tsohuwa a tsinin hanci. Ta ƙwanƙwasa makirfo. Ta hura. Ta ce, "Ana ji na a baya?"

Wayyo Allah! Kamar rufin zai yaye. Mawaƙa suka kwanta jikin juna. Matar Fasto ta cusa mayafi a baki. Yaya ta lashi yatsa, ta ja "'yan'uwaaa", ta yi sanarwar ɓatan laima sai ka ce labarin yaƙi. Sakatare ya fara da murmushin yaƙe, daga nan ya cire tabarau yana gogewa, yana gogewa, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ji sanyi har cikin ƙashina. Na ce a raina, sha, tsoho, sha, kaɗan ma ka gani. Na waiga, sai na ga bakin mijin Yaya ya motsa, ya kuma saki hannuwansa ya dafa bencin ƙarshe.

Sai lokacin shigowar mai aski ya yi. Yana bayan labule yana jin dariyar da ake yi wa Yaya, shi da ya saba dariyar coci tasa ce. Yana leƙowa wata daga cikin mawaƙa ta ce, "Ga Tangaɗi nan!" Jama'a suka fashe tun bai yi komai ba. Shi ke nan, kan ɗan banzan ya kwance. Ya saki gwiwa. Ya yi taku biyu gaba, ɗaya baya. Ya gaida ginshiƙi, ya ba shi hannu. Ashe har gilashin walda ya aro ya rataya a wuya, wai don a gane ko wane ne, ba wanda ya sa shi. Ya zo zama ya kuskure benci ya zube ƙasa yana shaƙuwa.

Dariyar da aka yi wa Sakatare ba komai ba ce a kan wannan. Yara suna hawa benci. Wani dattijo yana buga cinya yana hawaye. Yaya ta matsa kusa da mai askin ta ce ta cikin haƙora, "Tashi ka zauna, don Allah!" amma makirfo na hannunta, kowa ya ji, aka ɗauka cikin wasan ne, aka ƙara fashewa. Tabaran aro kuma sun hana ta ganin bayan coci. Ita ce mai koya wa 'yan wasanta cewa ko rufi ya faɗo ba a tsayar da wasa a tsakiya, don haka ta ci gaba. Ta yi sanarwar buƙata ta ɓoye kalma bayan kalma yadda Sakatare ya yi ta, mai aski na kwance yana ɗaga hannu yana cewa shi ne, shi ne.

Wannan karon ma an waiga baya. Na ga mijin Yaya ya ɗauke hannunsa daga bencin. Na miƙe ina yi wa Yaya alama, na ƙwala mata kira, hayaniya ta haɗiye muryata. Sai da ta zare tabaran don ta rusuna wa masu tafi ta ga ƙofa ba kowa.

Ta ratsa tsakiyar coci a guje, mata na kama hannunta suna sa mata albarka, ina biye da ita. Mun same shi a bakin titi ya hau babur ɗinsa. Yaya ta riƙe kan babur ɗin, ga kwat, ga gawayi ya narke ya gangaro mata haɓa.

"Baban yara, ba haka na shirya ba. Na rantse ba haka muka gwada ba. Ka ga dai yadda na yi da shi, ka gani ai!"

"Na gani," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Kin iya shi sosai. Shi da baki ya faɗa musu, maman yara. Ke kuwa kin sa an nuna musu."

Ya cire hannunta daga kan babur ɗin a hankali, ya tayar, ya tafi. A ciki ana ta tafi. Wata ta fito tana haki ta ce Maman Wasa ta zo, Fasto na son a yi mata addu'ar godiya.

A makon nan dattawa suka karɓe sanarwa daga hannun Sakatare suka ba wata malamar makaranta. Yanzu a layin baya yake zama, in ya gan ni sai ya sauya hanya, ni kuwa ina bin sa da ido har ya ɓace. Mai askin ya zo ba da haƙuri, Yaya ta ce ta yafe. Ni ban yafe ba, kuma 'ya'yana maza gara su yi gashi har kafaɗa da su zauna a kujerarsa. Yaya ta ce ko Fasto ne ya roƙe ta ba za ta ƙara kwaikwayon mai rai ba.

Mijin har yau bai sha ba. Kowace Lahadi shi ke kawo ta a babur. Yakan tsaya a ɗaya gefen titin, ba ya kashe injin, tana sauka ya juya.